Me Ya Sa Filashar Mai Hoto Ke Tashi A Ɗaki, Ta Ƙi Tashi A Fili?

Wasiƙar da za mu amsa a wannan makon ta fito ne daga garin Basirka, cikin ƙaramar hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa. Mai wasiƙar saurayi ne da ke noma da damina, da rani kuma ya rataya kyamara yana bin biki da suna da saukar karatu, tun daga Basirka zuwa Gwaram da Sara, wani lokaci har Birnin Kudu. Ya ce ya tara kuɗi ya sayi filasha, wato fitilar nan mai walƙiya, irin wadda ake cirewa daga kan kyamara a kafa ta gefe a kan sanda, ta riƙa tashi ba tare da an haɗa ta da waya ba. A cikin ɗaki ba ta taɓa ba shi kunya ba, amma da zarar ya fita fili sai ta tashi sau ɗaya ta ƙi sau uku. A wani ɗaurin aure ma hoton ango da waliyyinsa ya fito fuska duk duhu, mai biki ya hana shi cikon kuɗinsa. Yana tambaya, shin jabu aka sayar masa, ko kuwa akwai wata dabara?

To Malam mai wasiƙa, mun gode, Allah Ya bar zumunci. Da farko dai ka kwantar da hankalinka, domin bisa ga alamun da ka bayar da wuya a ce jabu ce. Kai kuma manomi ko ɗan kasuwa da kake cewa ina ruwanka da filasha, to da ruwanka. Kai ne kake ciro kuɗin riɗi ko na gyaɗa ka biya mai hoto ranar auren 'yarka, kuma ba a sake ɗaura aure don hoto bai fito ba. Wani ma shi ya sayar da ɗan maraƙi ya saya wa ɗansa kayan hoton don su zame masa jari. Saboda haka ka gyara zama.

Wani zai ce, ana tsakar rana ina amfanin fitila? Ai tsakar ranar ce ta fi bukatarta. Idan rana ta take tsaka, hula da rawani da mayafi sai su jefa inuwa a kan idanu. Idan kuma mutane na zaune a ƙarƙashin rumfa, bayansu fili ne fari fat, sai kyamara ta auna hasken filin ta bar fuskokin cikin duhu. Ga farar shadda tana ƙyalli, ga fatar mutum baƙa, kyamara ba ta iya gamsar da su biyun a lokaci guda sai an ƙara wa fuskar haske. Dalilin cire filashar a kai ta gefe kuwa shi ne, hasken da ya fito daga saman kyamara yakan daɓe fuska ta zama kamar faifai, amma wanda ya zo daga gefe shi ke fito da siffar mutum, ya kuma nuna aikin da ke wuyan babbar riga zare-zare.

Yanzu sai mu zo kan yadda kyamara ke gaya wa filasha cewa lokaci ya yi. Tsohuwar hanya ita ce doguwar waya daga kyamara zuwa filasha. Sa'an nan akwai hanyar haske, akwai kuma hanyar rediyo. Duk da ba ka faɗi wadda kake amfani da ita ba, wannan ciwo na tashi a ɗaki da ƙi a fili, ciwon hanyar haske ne, kusan ko da yaushe.

Ga yadda take aiki. A jikin filashar akwai wani ɗan ido, a wasu yana gaba a bayan jan gilashi, a wasu yana gefe. Aikinsa ya zuba ido yana jiran walƙiya. Da ƙaramar filashar da ke kan kyamara ta haska, sai idon ya gani, ya umarci tasa filashar ta tashi nan take. Wasu kamfanoni sun ƙara wa abin wayo, suna aika saƙo da ƙyaftawar haske a jere, wani lokaci da irin hasken da idon mutum ba ya gani, kamar na rimot ɗin talabijin. Kamfanin Nikon na ƙasar Japan ya fito da irin nasa tsarin a 2003 tare da filasharsa SB-800, Canon ma yana da nasa. Amma duk wayon, haske ne dai, kuma haske yana da raunin da fili ke tonawa.

A cikin ɗaki, ko idon bai fuskanci kyamara ba, walƙiyar takan bugi bango da silin ta dawo ta same shi. A fili babu bango, babu silin, hasken da ya wuce ya wuce ke nan. Wannan ɗaya. Babbar matsalar ita ce rana. Masu auna haske suna da ma'aunin da suke kira lukus. Ɗakin da ke da fitila mai kyau bai wuce lukus ɗari biyu zuwa ɗari biyar ba, amma tsakar rana a fili takan kai lukus 100,000. To idon da rana ke dukansa kai tsaye ya riga ya cika da haske, ƙyaftawar wata 'yar filasha daga nesa ba ta ƙara masa komai. Kamar ka yi wa mutum raɗa ne yana tsaye a bakin injin niƙa. Su kansu masu ƙerawa ba su ɓoye ba. Takardar bayanin filashar Canon 580EX II ta ce a ɗaki saƙon yakan kai mita 12 zuwa 15, a waje kuwa mita 8 zuwa 10. Kuma ranar watan Afrilu a Gwaram, ga farin yashi na mayar da haske sama, tana iya rage wannan lissafi ƙwarai.

Kafin mu kai ga abin da za ka saya, ga abin da za ka yi da hannunka kyauta. Kan filasha yana juyawa dabam da gangar jikinta. Sai ka juya gangar jikin yadda idon zai kalli kyamara sosai, sa'an nan ka murɗa kan ya kalli mutanen. Masu hoto da yawa suna kafa ta gaba ɗaya tana kallon ango, idon ya ba kyamara baya, kana su yi ta mamaki. Bayan haka ka yi wa idon inuwa. Ɗan guntun kwali da ka lanƙwasa kamar bakin hular hana-salla, ka ɗaure da kyauro a saman idon, yana iya mayar da filashar da ta ƙi ta koma tana amsawa. Ka lura kada kwalin ya tare tsakanin idon da kyamara.

Wurin tsayawa ma magani ne. Ka sa mutanen su ba rana baya. Idan suka yi haka, kai da kyamara kuna fuskantar rana, ita kuma filashar da ke tsakaninku, idonta da ka juyo wajenka ya ba rana baya, ya shiga inuwar jikinta. Ka samu riba biyu, domin mutanen ma sun huta da runtse ido. Sai dai ka sa wani ya tare maka rana daga gilashin kyamara da faifai ko da hula. Kuma ka matso da filashar, kada ta wuce taku huɗu ko biyar daga gare ka.

Akwai wani ɗan tarko a nan da ke kama sababbin masu hoto. A bayan yawancin filashohi za ka ga an rubuta S1 da S2. Kyamarorin zamani idan suna auna haske da kansu sukan yi wata 'yar ƙaramar walƙiya ta gwaji kafin ta ainihi, da saurin da ido ba ya rarrabewa. Filashar da ke kan S1 da ta ga ta gwajin sai ta tashi, ta zubar da haskenta tun kyamara ba ta buɗe ido ba. Kai ka ga ta haska, jama'a sun gani, amma hoton duhu. S2 ita ce ke ƙyale ta farko ta jira ta biyu. Idan kuwa ka saita filashar kan kyamara da hannu, babu walƙiyar gwaji, to S1 ce daidai. Kuma ka sani, a kan S1 ko S2 filasharka ba ta san ubangidanta ba. Duk wanda ya zo bikin da kyamara mai filasha yana iya tayar maka da ita, ya cinye maka batir, lokacin da kake bukatarta kuma tana can tana haki.

Duk waɗannan dabaru rage zafi ne. Shawararmu ga wanda fili ne wurin neman abincinsa ita ce ya koma hanyar rediyo. Akwai 'yar na'ura da masu hoto ke kira tiriga, ana ɗora ta a mazaunin ƙarfen da ke saman kyamara. Da ka danna, sai ta aika saƙon rediyo zuwa ga mai karɓa, wanda ko dai yana cikin filashar tun daga kamfani, ko kuma ana ɗaura shi a ƙarƙashinta. Saƙon rediyo ba ruwansa da rana, ba ya bukatar bango, kuma yana ratsa lema da labule da zana. A da sai manyan masu hoto na Amurka da Turai ke iya sayen irin wannan, kamar samfurin PocketWizard. Canon bai sa rediyo a cikin filasharsa ba sai a 2012 da ya fito da 600EX-RT, Nikon kuma sai a 2016 da SB-5000, dukansu suna cewa saƙon yakan kai wajen mita 30. Kamfanonin ƙasar Sin irin su Godox da Yongnuo ne suka karya farashin abin har ya iso hannun talaka. Godox yana rubuta mita 100 a kwalinsa. Wannan lissafin fili ne fetal da babu kowa, kada ka ɗauka haka za ka samu a tsakiyar taro.

Domin kuwa rediyon ma yana da nasa hali, kuma ku masu sauraro kun fi kowa sanin halin rediyo. Dattawa za su tuna yadda ake kama Kaduna a mita 49 ta gajeren zango. Wannan mita 49 tsawon zangon saƙon ne. To yawancin tirigogin yau suna aiki ne a kan abin da ake kira gigahaz 2.4, wanda tsawon zangonsa santimita 12 da rabi ne kacal, bai kai tsawon tafin hannunka da yatsu ba. Zango gajere haka ba ya iya zagaye babban abu, ruwa kuma yana shanye shi. Jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Ke nan idan ka ajiye filasha ƙasa-ƙasa, mutum talatin suka tsaya tsakaninka da ita a filin idi ko wajen hawan salla, kamar ka jera randuna talatin ne a gaban saƙon. Maganin shi ne ka ɗaga ta sama da kawunan mutane, yadda in ka ɗaga ido kana hango ta. Ko babu taro, mai karɓar da ke kusa da ƙasa ba ya ji da kyau, a ɗaga shi aƙalla ya kai ƙirji.

Ƙarfe kuma mayar da saƙon yake yi. Rumfar kwano, ƙyauren ƙarfe, jikin motar ɗaukar kaya a kasuwar Sara, duk suna iya tare shi ko su watsa shi yadda a wani wuri zai yi ƙarfi, taku ɗaya gaba kuma ya mutu. Katangar ƙasa mai kauri da dutse su ma haka. Wanda ya je ɗaukar 'yan makaranta hoto a Dutsen Habude ko Dutsen Mesa na Birnin Kudu, inda zanen shanun mutanen da yake, in ya ɓoye filasha a bayan dutse don kada ta fito a hoto, kada ya yi mamaki in ta yi shiru. Sau da yawa matsar da sandar taku ɗaya ko biyu ya isa.

Wani abin kuma, wannan zango na 2.4 ba na masu hoto ba ne su kaɗai. Nan ne Wi-Fi da Bluetooth suke, wato wayoyin da ke raba wa juna intanet, da lasifikar da ake haɗawa da waya ana kiɗa. A gona ba za ka ji komai ba, amma a biki mai ɗaruruwan wayoyi hanyar takan cushe. Shi ya sa aka yi wa tiriga tashoshi. Ta Godox tana da 32, tsofaffin Yongnuo suna da 16. Kusan kowa yana barin tasa a tasha ta 1 yadda ta zo daga kanti. In masu hoto biyu suka haɗu a biki ɗaya da kaya iri ɗaya, sai kowa ya riƙa tayar da filashar ɗan'uwansa, a yi ta zargin juna da baƙin ciki alhali tasha ce ta haɗu. Da ka isa wuri ka gaisa da abokin sana'arka, ku raba tasha. Wasu tirigogin suna iya bincike da kansu su nuna maka tashar da ba cunkoso. Akwai kuma lambar sirri da ake rubutawa ID, wadda in ka sa ta, dole ta zama iri ɗaya a tiriga da filasha, in kuwa filashar tsohuwa ce da ba ta san ID ba, to ka kashe shi gaba ɗaya, in ba haka ba ba za ta amsa ba.

Abin dariya, kusanci ma yana hana ta. Idan tiriga ta yi kusa da filasha ƙwarai, kamar ka riƙe filashar a hannun hagu kyamara a dama, saƙon yakan yi wa mai karɓa yawa ya rikice. A tirigogin Godox akwai zaɓi biyu a cikin saiti, ɗaya an rubuta 1-100m, ɗaya 0-30m. In aikinka na kusa ne, na biyun za ka zaɓa.

Yanzu bari mu faɗi wanda ya fi kowa laifi, wanda kuma ba a cika zarginsa ba, wato batir. Filasha ba kai tsaye take shan wuta daga batir ba. A cikinta akwai wani ma'aji da ake kira kafasita, ka ɗauke shi kamar randa. Batir yana jawo ruwa da guga yana zubawa har randar ta cika, in ka danna sai a tuntsurar da ita gaba ɗaya. Kafin a sake, sai an sake cikawa. A ɗaki ɗan haske kaɗan ake bukata, moɗa guda ake ɗiba, randar kullum a cike take. A fili kuwa, da yake da rana ake kokawa, kowane hoto sai an juye randar duka. In ka danna na biyu tun ba ta cika ba, filasha ba za ta tashi ba, ko da saƙon ya isa lafiya lau. Ka ga wannan ma yana kawo tashi a ɗaki da ƙi a fili. Akwai 'yar fitila a bayan filasha da ke kamawa in ta shirya, wasu kuma suna yin ƙara. Ka kunna ƙarar, ka saba da jiranta.

Batiran tocila da na rediyo masu arha ba su da ƙarfin jan wannan guga. Nemi batiran caji da aka rubuta NiMH a jikinsu, irin su Eneloop da kamfanin Sanyo ya fito da su a 2005, yanzu kuma Panasonic ke yi. Ko da yake volt 1.2 aka rubuta musu maimakon 1.5, sun fi saurin cika filasha nesa ba kusa ba. Masu filashar Godox TT600 sun ce da irin waɗannan batira tana cika cikin ƙasa da sakan 3, tana kuma yin wajen walƙiya 230 da cikakken ƙarfi. Ka mallaki jeri biyu ko uku, ka yi wa kowane jeri alama, ka kai su shagon caji mai sola tun jajibirin biki. Kada ka gauraya sabo da tsoho. Ita tiriga ba ta da ci, amma in batirinta ya yi sanyi nisan saƙonta ne ke fara raguwa tun ba ta mutu ba, wasu kuma sun fi jin daɗin batirin alkalin mai volt 1.5. In ka gama aiki ka cire batiran, domin alkalin yakan yi yoyo ya ci ƙarfen ciki.

Zafi ma yana nan. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar nan yakan haura digiri 40, ga filasha baƙar roba ce tana tsaye a rana, ga wutar da take yi a cikinta. An yi mata wayon kare kanta, in ta ɗau zafi sai ta rage sauri ko ta ƙi gaba ɗaya na ɗan lokaci. Canon ya gargaɗi masu 580EX II kada su wuce walƙiya 20 a jere ba tare da sun bar ta ta huta minti 10 ba. In ba a aiki, a kai ta inuwa ko a yafa mata farin ƙyalle. Kuma yawancin filashohi sukan yi barci in an bar su kamar minti ɗaya da rabi ba a taɓa ba, musamman in mai karɓa na waje aka ɗaura musu. Liman na ta nasiha, kai kana jira, da aka shafa fatiha ka danna, filasha tana barci. Ka shiga saiti ka kashe wannan barci, ko ka riƙa danna maɓallin gwaji lokaci-lokaci.

Hanyar da ta fi sauƙi ta rage wa batir da zafi wahala a lokaci guda ita ce matso da filashar kusa da mutanen. Haske yana da wata ƙa'ida: in ka ninka nisa sau biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ka rage nisan da rabi, ya ninku sau huɗu. Filashar da ke mita 4 tana aiki da dukan ƙarfinta, in ka dawo da ita mita 2, rubu'in ƙarfin ya ishe ta, ta cika nan da nan, ba ta kuma yi zafi ba. Kada kuma ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. A tsakar rana, kyamara tana kan ISO 100 da saurin 1/200, buɗin idonta yakan zama wajen f/11, kuma a haka filashar hannu da aka baza haskenta don mutum uku ko huɗu ba ta wuce mita 3 da 'yan kai. In ka sa mata lema, nisan ya ragu zuwa mita 2 ko ƙasa. Mutum arba'in a jere da azahar, filasha ɗaya ba za ta iya ba ko ta tashi. A kai su inuwar dalbejiya, ko a roƙi mai biki a jinkirta hoton taro zuwa bayan la'asar.

Tun da mun ambaci 1/200, ga bayaninsa. A gaban idon kyamara akwai labule biyu, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya biyo shi ya rufe. Filasha tana bukatar ɗan lokacin da na farko ya gama buɗewa, na biyu bai taso ba. A yawancin kyamarori wannan yana samuwa ne in saurin bai wuce 1/200 ko 1/250 na sakan ba. A fili, saboda yawan haske, mai hoto ko ita kanta kyamara sukan kai saurin 1/1000, sai filasha ta haska wani ɓangare kawai, a ga baƙin layi a gefen hoton, ko a rasa haskenta sam. Tiriga mai arha takan ɗan makara, don haka in ka ga layin ka sauko 1/160. Akwai tsarin da aka rubuta HSS mai ba da damar wuce wannan iyaka, amma yana cin fiye da rabin ƙarfin filashar, ga shan batir. Haka nan kyamarori da yawa in aka sa su a kan ɗaukar shiru, ba sa tayar da filasha ko kaɗan.

Da hunturu kuma ƙura ce. 'Yan ƙananan tabon ƙarfen da ke mazaunin saman kyamara su ne bakin da take magana da tiriga. Ƙurar hazo da gumi in suka taru a kansu, sai saƙon ya riƙa yankewa. Ka goge su da busasshen ƙyalle mai tsabta, ka tura tiriga har ƙarshe, ka murɗa makullinta. Wanda ke yawo a kan babur daga ƙauye zuwa ƙauye, girgiza takan kwance makullin, a duba kafin a fara.

Ga mai shirin zuwa Kano sayayya, ko uban da zai ba da saƙo a sayo wa ɗansa, a tafi da kyamarar. Tiriga tana da ƙabila, a ƙarshen sunan ta Godox za ka ga harafin C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Kuma wasu samfuran Canon 2000D da 4000D da suka fito a 2018 ba su da babban tabon ƙarfe na tsakiya a mazauninsu, saboda haka tiriga mai ƙafa ɗaya ba ta aiki da su. Kada ka yarda a gwada maka a cikin shago kawai, ai a shago kowace filasha jaruma ce. Ka fito bakin titi cikin rana, yaron shago ya riƙe filashar ya yi taku ashirin, ka danna sau ashirin kana ƙirga wanda ya faɗi. Ka sayo 'yar wayar haɗi mai mita 3 ko 5 ka jefa a jaka, ranar da komai ya ƙi ita za ta fitar da kai, sai dai a kula da yara kada su harɗe.

A yi hattara da tsofaffin filashohin gwanjo na zamanin fim. Wasu daga cikin tsofaffin Vivitar 283 suna fitar da fiye da volt 200 ta ƙafarsu, wanda ke iya ƙona kyamarar zamani ko mai karɓa. A kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mita kafin a ɗora. Kuma ko da wasa kada ka buɗe cikin filasha, randar nan tana riƙe da wajen volt 300 ko bayan an cire batir, tana iya jefar da ƙato.

Saura sanda. Lema a kan dogon ƙarfe a fili tamkar filafilan jirgin ruwa ce, iska kaɗan ta kifar da ita, kuma filashar da ta sha ƙasa sau ɗaya ƙafarta takan tsage ta riƙa yanke saƙo har abada. Ka cika ɗan buhu da yashi ka rataya a gindin sandar, ko ka ba ƙanenka ya riƙe, shi ma yana koyon sana'a. Da damina ka lulluɓe filasha da mai karɓa da farar leda, saƙon rediyo yana ratsa ta, amma ka bar ƙasanta a buɗe don zafi ya fita. In kuwa hadari ya haɗo aka fara tsawa, ka kwantar da sandar ƙarfen nan ƙasa ku shiga ɗaki, ko da amarya ta riga ta tsaya.